Gasar Mayar da Hasken Rana Wutar Lantarki Ta Shiga Sabon Mataki

A cikin watan Satumba na shekarar 2024, wani kamfani mai suna Oxford PV, wanda hedkwatarsa take Ingila amma masana'antarsa tana garin Brandenburg na ƙasar Jamus, ya ba da sanarwar cewa ya aika wa wani mai saye a Amurka kashin farko na wasu sababbin farantan samar da wutar lantarki daga hasken rana, waɗanda jama'a suka fi sani da farantan sola. Bayan wata bakwai, watau cikin Afrilu na 2025, sai kamfanin LONGi na ƙasar Sin ya bayyana cewa ya ƙera wani ɗan ƙaramin faranti na gwaji wanda ya mayar da kashi 34.85 cikin 100 na hasken da ya sauka a kansa zuwa lantarki, kuma ɗakin binciken makamashi na gwamnatin Amurka ya auna ya tabbatar da haka.

Waɗannan labarai biyu ba su ja hankalin jama'a sosai ba, amma masana harkar makamashi sun ɗauke su da muhimmanci ƙwarai, domin suna nuna cewa silikon, wanda ya yi shekara 70 yana sarauta a wannan fage, ya sami abokin tarayya. Tushen wannan ci gaba kuwa shi ne wani fanni na ilmin sinadarai da ke nazarin yadda za a shimfiɗa ƙwayoyin sinadari, waɗanda masana ke kira molekul, a kan fuskar gilashi mai ɗaukar lantarki, su kama haske ko kuma su yi wa lantarkin jagora. Shimfiɗar ba ta ganuwa da ido, amma a kanta ne manyan ƙasashe ke zuba kuɗi a yau.

Iyakar silikon

Idan rana ta take tsaka kuma sararin sama ya washe, kowace murabba'in mita ɗaya ta ƙasa tana samun hasken da ƙarfinsa ya kai kimanin wat 1,000. Ingancin faranti shi ne yawan abin da ya iya mayarwa lantarki daga cikin wannan. Farantin silikon na farko mai amfani, wanda aka ƙera a ɗakin binciken kamfanin Bell na Amurka a 1954, kashi 6 kawai yake bayarwa. Farantan kirki da ake sayarwa a kasuwa a 2024 suna ba da kashi 21 zuwa 23, na ɗakin gwaji kuwa sun ɗan haura kashi 27.

To, amma akwai iyaka. Tun a 1961 wasu masana biyu, William Shockley da Hans Queisser, suka nuna da lissafi cewa faranti mai shimfiɗa ɗaya ba zai iya wuce wani mizani ba, domin hasken rana launi-launi ne, kowane launi da ƙarfinsa. Wanda ƙarfinsa ya gaza sai ya ratsa ya wuce, wanda kuma ya yi yawa sai rarar ta zama zafi. Ga silikon, lissafin baya-bayan nan ya tsayar da iyakar a wajen kashi 29. Ke nan masu ƙera shi sun kusa kai ƙarshen hanya, kuma duk wanda ke son ƙari dole ya nemo wani abin da zai ɗora a kansa.

Ƙarin ba ƙaramin abu ba ne. Faranti mai faɗin murabba'in mita biyu yana ba da wat 440 idan ingancinsa kashi 22 ne, amma zai ba da wat 600 idan ya kai kashi 30, alhali fili da ƙarafan ɗaurawa da waya da ladan ma'aikata duk ba su canja ba.

Asalin al'amarin

Wannan ilmi ya girmi silikon nesa ba kusa ba. A 1839 wani saurayi Bafaranshe mai shekara 19, Edmond Becquerel, yana aiki a ɗakin gwajin mahaifinsa a birnin Faris, ya tsoma ƙarafa biyu cikin ruwan sinadari, ya lura cewa lantarki yana gudana da zarar haske ya faɗa kan ɗayansu. A 1873 kuma Hermann Vogel na birnin Berlin ya gano cewa idan aka shafa wa faifan ɗaukar hoto rini, yakan ji launukan da da ba ya ji. Daga nan aka fahimci cewa ƙwayar rini tana iya kama haske ta miƙa ƙarfinsa ga abin da take manne da shi.

Sai wajen ƙarshen shekarun 1960 ne Heinz Gerischer da Helmut Tributsch na Jamus suka bayyana yadda abin ke faruwa: haske yana zaburar da ƙwayar rini, ita kuma ta harba elektiron, watau ƙwayar lantarki, cikin farantin da take kai. Tributsch ya ma gwada da koren sinadarin nan na ganye wanda tsirrai ke sarrafa abinci da shi. Rikicin man fetur na 1973, lokacin da farashin ganga ya ninka wajen sau huɗu cikin 'yan watanni, ya sa gwamnatocin Turai da Amurka da Japan suka buɗe bakin aljihu domin irin wannan bincike.

Duk da haka an ci karo da matsala. Ƙwayoyin rinin da suka taɓa fuskar faranti su kaɗai ne ke iya miƙa elektiron, shimfiɗa ɗaya tak kuwa a kan fuska mai santsi ba ta kama ko kashi ɗaya cikin 100 na haske. Idan aka ƙara mata kauri, na sama su tare wa na ƙasa haske, su kuma ba su da hanyar miƙa nasu. Haka aka yi shekaru ana gaba ana baya.

Dabarar Lozan

A watan Oktoba na 1991 Shehun Malami Michael Grätzel na Kwalejin Fasaha ta Tarayya da ke Lozan a ƙasar Suwizalan, tare da abokin aikinsa Brian O'Regan, suka buga sakamakon da ya warware wannan ƙulli. Maimakon fuska mai santsi, sai suka ɗauki farar hodar titaniyam, irin wadda ake sa wa fenti da man goge baki, mai ƙwayoyi ƙanana ƙwarai, suka shafa ta a kan gilashi mai ɗaukar lantarki, suka gasa. Abin da ya fito ya yi kama da soso mai ƙofofi barkatai, kaurinsa bai kai kashi ɗaya cikin biyar na silin gashi ba, amma idan aka haɗa fuskokin da ke cikinsa sun ninka fuskar gilashin sau ɗaruruwa. Sa'an nan suka jiƙa shi a ruwan rini, kamar yadda marini ke tsoma zane a karofi, kowace ƙwayar rini ta maƙale da ƙwayar hoda.

Aikin yana tafiya ne kamar haka. Haske ya zaburar da rini, rini ya harba elektiron cikin hodar a lokacin da bai kai kashi ɗaya cikin biliyan na daƙiƙa ba. Elektiron ya bi ta hodar ya isa gilashi, ya fita ta waya ya kunna fitila ko rediyo, ya komo ta faranti na biyu wanda aka shafa wa ƙarfen filatinam. Tsakanin farantan biyu akwai ruwa mai aidin, wanda ke ɗauko elektiron ɗin ya mayar wa rinin, sai zagaye ya cika. Bambancinsa da silikon shi ne an raba aiki: rini ke kama haske, hoda ke jigilar lantarki, saboda haka ba a bukatar tsananin tsarkin da silikon ke bukata, ba a kuma bukatar zafin da ya wuce digiri 500, alhali silikon ba ya narkewa sai an haura digiri 1,400.

Farantin farko ya ba da kashi 7 da ɗoriya. A 1993 aka kai kashi 10 da wani rini mai ɗauke da ƙarfen rutiniyam. A 2010 ƙasar Finlan ta ba Grätzel babbar lambar yabonta ta fasaha, kuma a 2014 aka buɗe wani zauren taro a harabar kwalejin Lozan wanda aka yi wa bango ɗaya mai faɗin murabba'in mita 300 da irin wannan gilashi mai launi-launi. A 2022 ƙungiyar Grätzel ta kai kashi 15.

Me ya hana ta cin kasuwa?

Dalilai uku ne. Na farko ruwan da ke ciki, wanda ke kumbura da zafi, ya ƙanƙance da sanyi, ya nemi hanyar yoyo, ga aidin kuma yana cin ƙarfe. Na biyu tsadar rutiniyam, wanda abin da duniya ke haƙowa a shekara bai wuce 'yan tan gomiya ba, yawancinsa daga Afirka ta Kudu da Rasha. Na uku, wanda ya fi sauran, shi ne faɗuwar farashin silikon kansa. A 1977 ana sayar da wat ɗaya a kan dala 76, amma a 2024 ya sauko zuwa wajen santi 10, bayan da ƙasar Sin ta kafa manyan masana'antu har ta mallaki fiye da kashi 80 cikin 100 na kowane mataki na ƙera farantan, kamar yadda Hukumar Makamashi ta Duniya ta bayyana a 2022. Fasahar da aka fito da ita domin ta fi silikon araha sai ta wayi gari silikon ya riga ta.

Kamfanoni da dama sun ji jiki. Wani babba daga cikinsu a Ostareliya, wanda ya fara da sunan Dyesol daga baya ya koma Greatcell Solar, ya shiga hannun masu kula da bashi a ƙarshen 2018. Waɗanda suka tsira sun koma inda rini ya fi silikon, watau hasken cikin ɗaki da na inuwa. A nan gwaji ya nuna yana iya kai kashi 30, shi ya sa kamfanin Exeger na ƙasar Suwidin ke ƙera shi domin ƙananan na'urori, irin abin sauraron nan na kunne da aka fitar a 2021 mai cajin kansa da haske.

Ɗan da ya fi ubansa

Sai dai wahalar ba ta tafi a banza ba. A 2009 Shehun Malami Tsutomu Miyasaka na Jami'ar Toin da ke Yokohama a Japan ya cire rini daga farantin Grätzel ya sa wani gishiri mai ɗauke da dalma da aidin, mai tsari irin na dutsen ferobiskait, wanda aka gano a duwatsun Ural na Rasha a 1839, shekarar da Becquerel ya yi gwajinsa. Ya sami kashi 3.8, kuma cikin 'yan mintoci ruwan ya narkar da gishirin. A 2012 Nam-Gyu Park na Koriya ta Kudu tare da Grätzel, da kuma Henry Snaith na Jami'ar Oxford, kowa a nasa ɓangaren, suka maye gurbin ruwan da wani busasshen sinadari, suka kai wajen kashi 10. Zuwa 2024 ferobiskait shi kaɗai ya haura kashi 26. Tafiyar da ta ci wa silikon fiye da shekara 50, shi ya yi ta cikin 15.

Babban amfaninsa shi ne ana iya daidaita haɗinsa ya kama shuɗin haske da kore, ya bar ja ya ratsa zuwa silikon da ke ƙarƙashinsa. Wannan goyo na faranti biyu shi ne ya karya iyakar da aka ambata a baya. Amma goyon bai yi kyau ba sai da aka koma ga tsohuwar dabarar manna ƙwayoyi a fuskar gilashi. Duk inda elektiron ya tashi yakan bar gurbi, kuma idan ba a raba su da sauri ba sai ya koma gurbinsa, ƙarfin ya salwanta. Asarar ta fi yawa a mahaɗar ferobiskait da farantin da ke ƙarƙashinsa.

Masanan Jami'ar Fasaha ta Kaunas a ƙasar Lituweniya, ƙarƙashin Vytautas Getautis, tare da na Cibiyar Helmholtz ta Berlin ƙarƙashin Steve Albrecht, su ne suka fito da magani tsakanin 2018 da 2019. Sun haɗa wata ƙwaya mai ƙafa da kai: ƙafar tana kama fuskar faranti gam, kan kuma yana janye gurbin ya tare elektiron. Da an zuba ruwan ƙwayoyin sai su jera kansu da kansu sahu ɗaya, kaurinsa wajen kashi ɗaya cikin miliyan na milimita. Da wannan ne Berlin ta kai kashi 29.15 a 2020, sa'an nan kashi 32.5 a ƙarshen 2022, kafin LONGi ya karɓe tuta da kashi 33.9 a 2023. Abin lura a nan shi ne Lituweniya ƙasa ce da mutanenta ba su kai miliyan uku ba, kuma ba ta cikin manyan masu masana'antun sola, amma ƙwayar da malamanta suka haɗa ta shiga ɗakunan gwaji na duniya, har wani kamfanin Japan ya sayi izinin sayar da ita.

Sauran rina a kaba

Wajibi ne a yi hattara da alƙaluman da ake yayatawa. Yawancin farantan da ke kafa tarihi ba su fi faɗin farcen babban yatsa ba. Waɗanda Oxford PV ya sayar a 2024, masu cikakken girma, kashi 24.5 suke bayarwa, watau sun ɗan ɗara silikon mai kyau ne kawai.

Babbar tambaya ita ce ƙarko. Masu sayar da silikon suna ba da lamunin shekara 25, watau sa'o'i 219,000 dare da rana. Farantin Berlin na 2020 an yaba masa ne domin ya riƙe kashi 95 cikin 100 na ƙarfinsa bayan sa'o'i 300. An sami ci gaba tun daga lokacin, amma fasahar da aka haifa a 2009 ba ta da yadda za ta nuna shaidar shekara 25 a fili. Danshi da zafi da hasken kansa duk suna lalata ferobiskait, ƙwayoyin da ke manne da farantin ma suna iya saki idan zafi ya yi yawa.

Sai kuma batun dalma. Abin da ke cikin murabba'in mita ɗaya bai kai giram ɗaya ba, alhali batirin mota ɗaya yana ɗauke da kilo da yawa. Amma wannan dalmar tana narkewa a ruwa, saboda haka fasasshen farantin da aka yar a juji yana iya gurɓata ƙasa da rijiya. Ƙasar da ta rasa yara wajen 400 a Jihar Zamfara a 2010 sakamakon gubar dalma daga haƙar zinariya ba ta bukatar a yi mata dogon bayani a kan wannan haɗari.

Inda abin ya shafi Nijeriya

Bankin Duniya ya ƙiyasta a 2021 cewa 'yan Nijeriya miliyan 85 ba su da wutar lantarki ta gwamnati. Tun da aka janye tallafin man fetur a watan Mayu na 2023, gidaje da shaguna da asibitoci da ma'aikatu suka karkata ga sola, kuma dokar lantarki ta 2023 ta ba jihohi ikon tsara kasuwar wutarsu. An buɗe tashar sola mai megawat 7.1 a Jami'ar Bayero a 2019, da wata mai megawat 10 a Kumbotso a Janairu na 2023. A Maris na 2025 kuma ministan kimiyya da fasaha na lokacin ya yi maganar hana shigo da farantan sola domin a ƙarfafa ƙera su a gida.

Burin ƙerawa a gida abin yabo ne, amma ya kamata masu tsara manufofi su tambayi kansu wace irin fasaha za a kafa wa masana'anta, domin injin da aka sayo da bashin shekara 15 yana iya zama tsohon yayi kafin a gama biya. Haka nan ma'aikatan da ke kula da ba da kwangila za su soma ganin 'yan kasuwa suna tallar sababbin farantai da manyan alƙaluma. Ya wajaba su nemi takardar shaidar gwaji daga ɗakin bincike mai zaman kansa, da lamuni a rubuce, da bayanin wanda zai kwashe farantan idan sun mutu. Ana auna inganci ne a zafin digiri 25, amma farantin da ke kan rufin kwano a Sakkwato ko Maiduguri cikin watan Afrilu yakan haura digiri 60, ga ƙurar hunturu kuma tana jiransa.

A nan ne jami'o'in ƙasar nan ke da abin yi. Cibiyar Binciken Makamashi ta Sakkwato, wadda aka kafa a 1982 a jami'ar da yanzu ake kira Usmanu Ɗanfodiyo, da takwararta ta Nsukka, suna zaune a yanayi biyu da masu ƙera farantai ke bukatar gwaji a cikinsu, ɗaya zafi da ƙura, ɗaya zafi da danshi. Filin gwaji mai ma'auni na gaskiya, wanda ake rubuta sakamakonsa shekara da shekaru, ba ya cin kuɗin masana'anta, kuma zai kare dukiyar jama'a daga kayan da ba su dace da wannan yanayi ba.

Ɗaliban kimiyya da yawa a jami'o'in ƙasar nan sun rubuta kundin digiri a kan farantin Grätzel da aka rina da ruwan zoɓo ko lalle ko wasu ganyaye. Gaskiyar magana ita ce irin waɗannan yawanci ba sa kai ko kashi ɗaya cikin 100, kuma launinsu yana kodewa da wuri, saboda haka ba su ne za su haska gari ba. Amfaninsu na koyarwa ne. Da gilashi biyu da farar hoda da zoɓo da ruwan aidin da baƙin fensir, ɗalibin sakandare zai iya ganin allurar ma'auni ta motsa da idonsa. Abin da ya rage shi ne a wuce maimaita wannan gwaji, a koma ga koyon haɗa sababbin ƙwayoyi da auna su, wanda ke bukatar kayan aiki, da wutar da ba ta yankewa a ɗakin gwaji, da haɗin gwiwa da jami'o'in waje.

Daga gwajin Becquerel zuwa farantin Lozan an yi shekara 152, daga Lozan zuwa kashin farko da aka aika Amurka kuwa shekara 33. Waɗanda suka ci moriyar wannan tafiya su ne ƙasashen da suka ci gaba da biyan malamansu da ɗalibansu ko a lokacin da ake ganin binciken ba shi da riba. Ba a fafe gora ranar tafiya. Idan har hukumomin ilmi da na makamashi suna son Nijeriya ta sami abin faɗa ranar da waɗannan farantai za su cika kasuwannin Kano da Legas, to, kasafin kuɗin ɗakunan gwaji na bana shi ne wurin da za a soma.